Ta'aziyyar Dakta Mudathir Ya'u Likoro da Roƙo a Kan Fararen Huluna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Tallafa wa Masu Shanyewar Ɓarin Jiki ta Ikara, Makarfi da Kudan, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Muhammadu Auwalu Taba, tare da kwamitin amintattu da ma'aikata da dukan masu jinyar da ke zuwa ɗakinmu na gashi da motsa gaɓoɓi da ke Makarfi, ta karɓi labarin rasuwar likitanta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Dakta Mudathir Ya'u Likoro, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin, 4 ga Agusta, 2025, a wani asibiti a Zariya, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara hamsin da huɗu a duniya. An yi jana'izarsa a ranar a mahaifarsa Likoro, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Marigayin ya rasu ya bar mahaifiyarsa, Hajiya Talatu, da matarsa, Hajiya Sa'adiyya, da 'ya'ya biyar, da yayansa, Malam Mu'awiyya Ya'u, wanda shi ne babba a gidan, da 'yan uwa da yawa. Muna miƙa ta'aziyyarmu gare su baki ɗaya, da sarakuna da malamai da jama'ar ƙananan hukumomin nan uku, waɗanda rashin ya shafa kamar yadda ya shafe mu.

Mun jinkirta fitar da wannan saƙo har aka share makoki saboda, ban da ta'aziyya, yana ɗauke da wani roƙo da ba mu so mu yi ba sai da izinin iyalan marigayin. Roƙon ya shafi wasu fararen huluna da aka raba sadaka ranar addu'ar uku, waɗanda jinyar wasu bayin Allah, musamman ta mutum ɗaya, ke rataye a kansu. Ba za a gane darajar hulunan ba sai an san aikin da marigayin ya ba rayuwarsa, don haka muna neman jama'a su yi haƙuri su karanta har ƙarshe.

An haifi Dakta Mudathir a gidan manoma masara da dawa. Ya yi karatun allo a gaban kawunsa kafin a sa shi firamare, ya yi karatun likita a Zariya, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sannan ya yi wasu shekaru a ƙasar waje yana bincike kan yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin gaɓoɓi. Da zai dawo gida, cibiyar da ya yi aiki da ita ta ba shi wata na'ura da ta gama amfani da ita, mai zaburar da ƙwaƙwalwa ta hanyar maganaɗisu. Abokan aikinsa sun ɗauka a birni zai ajiye ta. Sai ya ce manomin da ɓarin jikinsa ya shanye ba zai iya zaryar birni kullum ba, balle da damina, don haka ya kawo ta Makarfi, inda mutumin Ikara da na Kudan za su iya zuwa su koma gida a yini guda. Daga baya ya ajiye aikin koyarwa ya tare a ɗakin gashin tare da Malama Ummulhairi Lawal, ƙwararriya a aikin gashi da motsa gaɓoɓi, wadda ya koya wa sarrafa na'urar kuma ya bar wa kula da mata masu jinya.

Ga yadda yake bayyana aikin ga duk wanda ya zo, da Hausar da kowa ke ji. A saman ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ya taso daga tsakiyar kai ya gangaro wajen kunne ta kowane gefe, wanda daga nan ne umarnin motsi ke fita. Na hagu ke juya ɓarin dama na jiki, na dama kuma ke juya na hagu. Kowace gaɓa tana da gurbinta a cikin sashen: ƙafa tana can sama, hannu yana ƙasa da ita, fuska da harshe suna kusa da kunne. Na'urar tana da wani kai mai zobe biyu a manne, wanda masu jinya suka sa wa suna tabarau. Idan aka ɗora shi a kan mutum aka danna, sai a ji ƙara 'yar kaɗan kamar an karya tsinke, ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai ba tare da yanka ko allura ba, ya tada jijiyoyin da ke daidai wurin. Saƙon ya bi laka ya sauka, sai babban yatsan hannun da ke ɗaya ɓarin ya yi tsalle shi kaɗai. Wata 'yar waya da ake mannawa a tsokar yatsan tana nuna amsar a allon na'ura, ko da ta yi ƙanƙantar da ido ba zai gani ba.

Jama'armu ba za su manta ranar da aka fara gwada wa Malam Bilya, manomin rake daga Taba, ba. Da yatsan da ya yi watanni a kwance ya zabura, sai ya dubi hannun, ya dubi likita, ya ce, "Wallahi ba ni na motsa shi ba." Marigayin ya yi dariya ya ce, "Na sani, Baba, ni ne. Yanzu saura kai."

Wannan amsa ita ce abin da yake fara nema ga duk wanda aka kawo. Idan ta samu a hannun da ya shanye, alama ce cewa hanyar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da hannun ba ta yanke gaba ɗaya ba, kuma akwai abin da za a yi aiki a kai. Daga nan sai ya auna mafi ƙarancin ƙarfin da ke sa yatsan ya amsa, domin kowane mutum da nasa gwargwadon. Ya nuna mana cewa idan aka riƙa maimaita bugun a hankali, sashen yakan lafa, idan kuma aka yi shi da sauri-sauri, yakan ƙara kuzari, kuma wannan canji yakan daɗe na wani ɗan lokaci bayan an ɗauke na'urar. Ga wasu yakan kwantar da ɓarin ƙwaƙwalwar da ke da lafiya don kada ya danne wanda ya ji rauni, ga wasu kuma mai raunin yake zaburarwa kai tsaye. Da an gama, kafin tasirin ya wuce, sai mai jinya ya koma hannun Malama Ummulhairi ya yi ta ɗaukar ƙwayar masara yana sawa a kwano, ko yana ɓalle maɓallin riga yana mayarwa.

Muna shaida cewa bai taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Yakan ce binciken wannan fanni bai kammala ba, wasu suna amfana, wasu ba sa ganin canji, kuma na'ura tada ƙwaƙwalwa kawai take yi, koyon aikin yana wuyan mai jinya, waraka kuwa ta Allah ce. Ya mayar da mutane da dama gida ba tare da ya ɗora musu tabarau ba, saboda suna da farfaɗiya ko akwai ƙarfe a kansu, duk da roƙon da danginsu suka yi. Idan kuma ya nemi amsa a hannu ya rasa, yakan zaunar da iyali ya faɗa musu gaskiya, sannan ya koya musu yadda za su kula da mutumin da ɗaya hannun. Kan na'urar yakan yi zafi, dole a dakata ya huce, kuma a wannan jiran ne ya san gonar kowa da sunan jikokin kowa.

Wahalar aikin tana wajen dacewa da wurin. Idan tabarau ya goce da faɗin yatsa guda, sai amsar ta ɓace ko wani yatsa ya amsa. A inda ya yi karatu, hular roba ta masu ninkaya ake sa wa mutum a yi alama a kanta. Dattawanmu sun ƙi ta. Wani liman ya ce ya yarda da na'urar, amma ba zai cire rawani ya sa robar yara a gaban jama'a ba. Marigayin bai yi musu ba. Ya je wajen wani tela a Ikara ya sa aka ɗinka fararen huluna marasa kauri masu kama kai, irin waɗanda ake sawa ƙarƙashin rawani, ya riƙa yin alama a kansu da biro, kowa ya tafi da tasa gida. Mako bai zagayo ba hulunan suka dawo fes, an wanke su da sabulu an sa bula, domin babu matar da za ta bar mijinta ya je gaban likita da tabon tawada a ka. Ya sha ba da wannan labari yana dariya, yana cewa matan Makarfi sun fi shi sanin aikinsu. Sai ya koma zare: jan ɗinki a goshi daidai karan hanci, ja a saman kowane kunne, da ƙullin shuɗin zare a wurin da yatsa ke amsawa. Bai rubuta suna a kan ko ɗaya ba, saboda da yawa ba sa so a san suna jinya. Kowa ya zaɓi launin zarensa aka yi masa 'yar alama ta ciki wajen ƙeya, kuma kowa ya san tasa. Da ya ga an fara zuwa masallaci da kasuwa da su har suna saki, sai ya karɓe su ya riƙa ajiyewa da kansa a wata jaka. Na mata suna hannun Malama Ummulhairi, kuma suna nan.

Daga cikin masu hula a jakar akwai Alaramma Malam Zulkifilu na Dandamisa, mahaddaci kuma mai koyar da Alƙur'ani, wanda ya ba mu izinin ambaton sunansa. Ciwon ya same shi gab da Babbar Sallah, yana cikin rubuta Alƙur'ani da ka, ya kai Suratul Kahfi. Maganarsa ta dawo a hankali, ƙafar ma ta fara takawa, amma hannun dama ya kwanta. Marigayin ya nemi amsa a wurin da aka saba samu bai samu ba. Ya yi zama bayan zama yana matsar da tabarau kaɗan-kaɗan, yana tsayawa idan Malam ya gaji, har ranar da wani ɗan lanƙwasa ya bayyana a allon, a wani wuri da ya goce daga inda ake tsammani. Yatsan bai motsa yadda ido zai gani ba. Malam Zulkifilu ya ƙura wa allon ido ya ce abin ya yi kama da maddar da yaro ya ja ranar da aka fara ba shi alƙalami. Marigayin ya ce, "To ɗalibinka ne, Alaramma, sai ka yi haƙuri da shi." Kafin rasuwar likita, Malam ya kai ga riƙe alƙalamin kara tsakanin yatsu biyu na ɗan lokaci, ko da yake bai kai ga tsoma shi a tawada ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe da marigayin ya rufe ɗakin gashi, ya sa jakar a bayan motarsa ya tafi Likoro, kamar yadda yakan yi idan wasu ɗinkin sun fara warwarewa. A can ciwon ajali ya kama shi. Ranar addu'ar uku, bayan magada sun amince a yi sadaka da tufafinsa, Malam Mu'awiyya ya buɗe motar ya tarar da jaka cike da fararen huluna sama da ashirin, a ninke tsaf. Ya san ƙanensa da raba huluna ga dattawan gari duk azumi, don haka ya ɗauka wasu ya tanada. Zaren kuwa ado ya yi masa kama. Ya raba su a ƙofar gida ga waɗanda suka zo addu'a, yana roƙon su sa marigayin a cikin sallarsu. Mutum ɗaya ce a gidan ta san ko na mene ne, wato Hajiya Sa'adiyya, domin ita ce ta ɗinka kowane zare a kansu da hannunta tsawon shekarun nan, kuma tana ɗaki cikin takaba, ba ta san abin da ake yi a waje ba. Sai da Malama Ummulhairi ta buɗe ɗakin gashi mako na gaba ta duba kabad ba ta ga jakar ba, sannan aka gane abin da ya faru.

Ƙungiya tana so kowa ya ji wannan a sarari: babu laifi a kan Malam Mu'awiyya, ko kaɗan. Abin da ɗan uwa nagari ke yi wa mamacinsa shi ya yi, kuma da kowane ɗayanmu ne a matsayinsa, haka zai yi. Da labari ya same shi, abin ya dame shi ta fuska biyu: ga marasa lafiya, ga kuma tsoron ya koma karɓar abin da ya riga ya bayar sadaka da sunan ƙanensa, alhali addini ya yi hani da haka. Ya kai maganar gaban limamin unguwarsu da wasu malamai biyu na Makarfi, suka duba, suka ce hulunan ba dukiyar marigayin ba ce, amana ce ta mutane a hannunsa, kuma mayar da amana ga mai ita sauke wa mamaci nauyi ne. Sun ƙara da cewa idan aka ba kowa wata hular a madadi, sadakar tana nan ba ta tashi ba. Tun daga ranar Malam Mu'awiyya yake kan babur cikin ruwa da laka, daga Taba zuwa Hunƙuyi zuwa ƙauyukan Ikara, da sababbin huluna a jaka, yana sallama gida-gida. Mafi yawan hulunan jinyar sun dawo, kuma babu wanda ya yi masa gardama. Saura huɗu, kuma ta Malam Zulkifilu tana cikinsu.

Ba za mu ƙara wa maganar gishiri ba. Ga sauran mutum ukun, Malama Ummulhairi ta tabbatar mana cewa za ta iya sake gano wurin a zama guda. Na Malam Zulkifilu ne ke da wuya, domin amsarsa raunana ce, wurin kuma ba inda aka saba ba ne, kuma neman yana gajiyar da shi. Likitoci sun ce watannin farko bayan wannan ciwo su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanya, kuma nasa watannin suna tafiya. Duk makon da aka ɓata wajen nema, daga cikinsu aka cire shi.

Saboda haka muna roƙon duk wanda ya halarci addu'ar uku a Likoro aka ba shi farar hula, ko wanda aka ba shi ita daga baya, ya duba ko akwai jan zare a goshi da saman kunnuwa da ƙullin shuɗi a gefe. Ta Malam Zulkifilu ƙullinta yana ɓangaren hagu, tana da koren zare ta ciki wajen ƙeya. Kada a warware ɗinkin. Idan ba a wanke ba a bar ta haka, idan kuma an riga an wanke, a kawo ta duk da haka. Ana iya kai ta ɗakin gashinmu na Makarfi, ko gidan marigayin a Likoro, ko a ba limamin masallacin da aka fi kusa da shi. Muna roƙon limamai su ambaci wannan bayan sallar Juma'a, direbobi da 'yan acaɓa kuma su yaɗa a tashoshi, domin wasu daga cikin waɗanda suka zo addu'ar baƙi ne masu aikin gona da ba a san garuruwansu ba. Malam Zulkifilu da kansa ya aiko da hularsa ta zuwa Juma'a aka ajiye a ofishinmu, ya ce, "Wanda tawa ta faɗa hannunsa kada ya ji kunya, da niyyar alheri aka ba shi. Ya kawo ta ya ɗauki wannan, ta fi waccan kyau."

Da Malama Ummulhairi ta shiga wajen Hajiya Sa'adiyya ta yi mata bayanin halin da ake ciki, sai Hajiya ta ba da saƙo ta ce a isar da shi yadda ta faɗa: "A gaya wa Alaramma kada ya fasa zuwa. In ba a samu tasa ba, a sake nema. Duk ranar da yatsan ya amsa, a kawo min sabuwar hular nan ɗaki. Takaba ba ta hana ni riƙe allura ba." A kan wannan magana kwamitin amintattu ya yanke cewa za a ci gaba da jinyar maza ranar Litinin, 18 ga Agusta, a hannun Malama Ummulhairi, ƙarƙashin kulawar wani likitan ƙwaƙwalwa abokin aikin marigayin da ya ɗauki alkawarin zuwa daga Zariya, kuma Malam Zulkifilu ne zai fara zama a kujerar na'urar, ko hularsa ta dawo ko ba ta dawo ba.

Muna roƙon Allah, Mai rahama Mai jin ƙai, Ya gafarta wa Dakta Mudathir Ya'u Likoro kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba mahaifiyarsa Hajiya Talatu, wadda ta binne ɗan da ta yi fatan shi zai binne ta, haƙurin da Shi kaɗai ke bayarwa. Allah Ya ƙarfafi zuciyar Hajiya Sa'adiyya, Ya raya 'ya'yan da ya bari Ya albarkace su, Ya sanyaya ran Malam Mu'awiyya Ya saka masa da alheri bisa wahalar da yake sha a kan hanya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya nufi Alaramma da ƙarasa abin da ya fara, kuma duk hannun da ya sake ɗaukar fartanya ko ya sake ɗebo ruwan alwala ta dalilin wannan bawa nasa, Allah Ya sa a cikin mizaninsa. Amin.

Sa hannu:
Musa Ikrima Dandamisa
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Tallafa wa Masu Shanyewar Ɓarin Jiki ta Ikara, Makarfi da Kudan
Alhamis, 14 ga Agusta, 2025